Yadda ma'aikaci zai yi karatun injiniya daga nesa ba tare da ya ajiye aikinsa ba

Wannan bayani na mutumin da ke riƙe da ND ko HND ko digirin farko ne a fannin injiniya, yana aiki a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri ko Zuru, a ma'aikatar ayyuka ko hukumar ruwa ko kamfanin wuta ko masana'antar casar shinkafa, yana son ƙaro karatu amma babu halin ya bar albashi da iyali ya tare a Zariya ko Kano shekara biyu. Abin yana yiwuwa. Sai dai karatun injiniya ya sha bamban da na mulki ko kasuwanci ta fuska biyu. Akwai hukumar da doka ta ba ikon cewa wane ne injiniya, sannan akwai aikin hannu da ba a iya koyonsa ta gilashin waya. Wanda kuɗinsa da shekarunsa suka salwanta a wannan hanya, galibi a ɗayan biyun nan ya yi tuntuɓe.

Kayan da za ka tanada

Kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce ta farko, domin waya kaɗai ba za ta yi zane ko lissafin injiniya ba. Nemi mai Core i5 ko makamancinta, RAM aƙalla 8GB, da ma'ajiya irin ta SSD mai 256GB ko fiye. In za ka yi zane mai fuska uku, 16GB ya fi kwanciyar hankali. Ta hannu ma tana yi, amma kafin ka biya ka cire ta daga caji ka kunna bidiyo na awa ɗaya a gaban mai shago, ka ga nawa batirin ya rage.

Sai wuta, kuma a nan ya kamata ka fara nuna kai injiniya ne. Kwamfuta tana cin kamar wat 60, ƙwan LED wat 10, na'urar intanet wat 10, ƙaramar fanka mai aiki da batir wat 20. Jimla wat 100. Karatun awa uku yana buƙatar wat-awa 300. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata ka ja, wato 600, kuma inbata za ta ci nata kason wajen juya wutar. Ke nan batir ɗaya ya ishe ka dare guda har da ɗan saura. Farantin sola mai wat 200 zai mayar da abin da ka ci a yini ɗaya a irin ranar Kebbi, muddin kana share masa ƙura, musamman lokacin hunturu da hazo ke rufe shi cikin kwana biyu. Wanda bai da halin sola tukuna, ya cika kwamfuta da babban fawa-banki a ofis, ya tsara karatunsa ya zama mafi yawansa a takarda ne.

Layin waya biyu na kamfani daban-daban. Ka gwada su a ainihin ɗakin da za ka riƙa zama, da dare da kuma da asuba, don sabis ɗin bakin titi daban yake da na cikin ɗaki. Darasin bidiyo kai tsaye yana iya cinye kusan 1GB a awa, alhali bidiyon da ka sauke a ƙaramin inganci na 360p bai cika wuce 300MB ba, kuma rubutun allo yana karantuwa.

Kalkuleta ta kimiyya irin Casio fx-991, littafin rubutu mai kauri ɗaya ga kowane darasi, abin sawa a kunne mai makirfo, da filashi don ajiye kwafin ayyukanka.

Manhajoji kuwa kada ka yi gaggawar sayen na sata a kasuwa, suna zuwa da cuta kuma sukan mutu ana tsakiyar aiki. Autodesk yana ba ɗalibai lasisin manhajar zane ta AutoCAD kyauta na shekara guda, ana sabuntawa in har kana makarantar da suka amince da ita. In babu manhajar lissafi ta MATLAB, GNU Octave kyauta ce kuma tana karanta mafi yawan umarninsa. Mai lantarki ya sauke LTspice da KiCad, mai harkar ruwa ya sauke EPANET da HEC-RAS, mai hanya da safiyo ya sauke QGIS. Duk ba a biyan ko kwabo.

Takardu: sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, shaidar ND da HND ko digiri, takardar NYSC, takardar kama aiki da ta tabbatarwa, fasfo na tafiya in makarantar waje ce. Ka ɗauki hotonsu da na'urar sikana, kowace ka sa mata suna a fili.

1. Fara da tambayar ƙofar da kake son takardar ta buɗe

Ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya: ina son wannan karatu don kaza. Amsar ce za ta zaɓa maka makaranta.

Idan burinka ka zama injiniya mai rajista, COREN, hukumar da ke tsara aikin injiniya a Najeriya, ita ce mai magana. An kafa ta a 1970, kuma tana yi wa mutane rajista a rukuni huɗu: injiniya, masanin fasahar injiniya, teknishiyan, da mai sana'ar hannu. Mai HND yana shiga rukuni na biyu. Hanyar da aka sani ta haurawa zuwa na farko ita ce PGD, wato difloma ta gaba da digiri, a fanninka ɗin nan dai, wanda COREN ta tantance, tare da shekarun gogewa a aiki. Mai digirin injiniya da aka tantance kuwa yana buƙatar aƙalla shekara huɗu na aiki bayan kammalawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai HND ta lantarki ya je ya yi digiri na biyu a gudanar da ayyuka ta intanet, yana zaton zai kai shi ga sa "Engr." a gaban sunansa. Karatu ne mai amfani, amma wata ƙofa yake buɗewa.

Idan ƙarin girma ko sauya rukuni kake nema a aikin gwamnati, tsarin aikin ma'aikata ne mai magana, kuma jami'in kula da ma'aikata na ma'aikatarku zai nuna maka takardar da ake karɓa.

Idan kuwa ilimin kake so, ka iya tsara sola ta famfon ban ruwa ko sarrafa injinan masana'anta, to ba lallai sai digiri ba. Darussan NPTEL na manyan cibiyoyin fasaha na Indiya suna nan kyauta a YouTube, cikakku daga farko har ƙarshe, haka ma MIT OpenCourseWare. Gajeren kwas na wata uku da ka gama ya fi digirin da ka yar a tsakiya.

2. Tantance kwas ɗin kafin ka biya ko sisi

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Tantancewa ta kwas ce ɗaya-ɗaya, kuma tana da wa'adi. Jami'a tana iya zama sananniya, kwas ɗinta na gine-gine yana da cikakkiyar amincewa, na kanikanci kuma tasa ta ƙare. Don haka sunan makaranta kaɗai bai isa hujja ba.

A cikin gida, NUC ce ke kula da jami'o'i, kuma tana da jerin jami'o'in da ta yarje wa buɗe cibiyar karatu daga nesa. NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da kwalejojin fasaha irin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi da ta Ƙauran Namoda. Bayan su sai COREN ta sa nata hannu a kan kwas ɗin injiniya. Duba sunan kwas ɗinka a jerin kowace, harafi da harafi. NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyin karatu a jihohi har da Kebbi da Zamfara, kuma hanya ce mai kyau ga mai son kimiyyar kwamfuta ko gudanarwa, amma kada ka ɗauka kwas na kimiyya zai kai ka rajistar injiniya. Gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu ita ce, mafi yawan PGD na injiniya a Najeriya ana yin su ne da zuwa aji a ƙarshen mako ko a dunƙule na wasu makonni, ko da ana turo wasu darussa ta intanet. Jami'o'i irin ABU Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da ta fasaha da ke Minna duk suna da tsangayar injiniya. Je ka makarantar karatun gaba da digiri ka tambaya baki da baki: sau nawa ake zuwa a zango, kuma PGD ɗin fannina yana cikin jerin COREN na bana?

A waje akwai makarantun da suka daɗe a wannan harka. Open University ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, tana koyar da injiniya daga nesa kuma tana da ɗakunan gwaji da ɗalibi ke sarrafa na'urorinsu ta intanet. UNISA ta Afirka ta Kudu tana da kwasa-kwasan fasahar injiniya. A Amurka, Jami'ar Jihar Arizona tana da digirin lantarki ta intanet da hukumar ABET ta tantance, Jami'ar North Dakota kuma tana koyarwa daga nesa amma wasu gwaje-gwajen sai ka je harabarta, wanda ke nufin biza da kuɗin jirgi. Jami'ar Colorado da ke Boulder tana ba da digiri na biyu a lantarki ta Coursera, inda ake shiga ta hanyar cin darussan farko da maki mai kyau. A 2023 Najeriya, ta hannun COREN, ta samu matsayin mamba ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe, sai dai yarjejeniyar ta shafi kwas ɗin da hukumar injiniyoyin ƙasar ta tantance ne kawai. Kuma duk takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna ta kafin aikin gwamnati ya karɓa.

Abubuwa biyu da suka faru sun isa gargaɗi. A 2023 NBTE ta sanar da shirin shekara ɗaya ta intanet na mayar da HND digiri tare da jami'o'in waje, NUC ta fito fili ta ce ba ta amince da shi ba. A Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da auna takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Duk wanda ya ce maka digirin injiniya cikin shekara ɗaya, ba gwaji ba jarrabawa mai sa ido, a biya ta asusun wani mutum, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi komai tsare ka shi ne ka rubuta wa COREN, ka ambaci takardar da kake da ita, sunan makaranta, sunan kwas da yadda ake koyar da shi, ka tambaya wane rukuni zai kai ka. Ajiye amsar a rubuce. Reshen jiha na NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, shi ma yana da dattawan da suka bi hanyar, ka nemi shawararsu.

3. Nemi izinin wurin aiki a rubuce

Ma'aikacin gwamnati ya rubuta takardar neman izini ta hannun shugaban sashensa tun kafin ya fara, ya haɗa da takardar gurbin karatu in ta fito, ya tabbata kwafin amincewar ya shiga fayil ɗinsa. "Je ka yi, ba komai" da darakta ya faɗa a baranda ba ya aiki ranar da aka sauya shi. Mutum yakan gama karatu ya kawo takarda, a ce ba a san da zamanta ba. A cikin takardar ka bayyana cewa karatun ba zai taɓa lokacin aiki ba sai ranakun jarrabawa, ka nemi a cire su daga hutunka na shekara.

A kamfani mai zaman kansa, ka nuna wa maigida abin da zai samu: aikin bincikenka zai kasance a kan matsalar injinansa. Kamfanin da ke biyan kason asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, yana iya neman a mayar masa da wani ɓangare na kuɗin horar da ma'aikata, ka tuna wa akanta wannan. In sun biya maka da sharaɗin za ka zauna shekaru kaza, karanta sharaɗin da kyau kafin ka sa hannu.

4. Gwada kanka da lissafi na mako shida

Wanda ya bar aji shekara takwas ko goma, hannunsa ya san aiki amma lissafinsa ya yi tsatsa, kuma lissafi ne ke kayar da mutane a zangon farko. Kafin ka biya kuɗin makaranta, ɗauki littafin lissafin injiniya na Stroud, wanda aka tsara shi don mai koyo shi kaɗai, ka bi aljabra, tirigonometiri, kalkulas na bambancewa da na haɗawa, lambobi masu sarƙaƙiya da matiris. Awa ɗaya kullum, mako shida. Wannan gwaji biyu ne a haɗe: yana wanke lissafin, yana kuma nuna maka ko rayuwarka tana da gurbin awa ɗaya a rana. In ka kasa riƙe shi mako shida, ka ɗaga shiga zuwa zango na gaba ka gyara tsarin gidanka tukuna. In lissafin ne ya ƙi, nemi malamin foli ko ɗalibin ajin ƙarshe a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ku riƙa zama ranar Asabar.

5. Neman gurbi da biyan kuɗi

Fara da taranskirif, wato cikakken sakamakonka na kowane zango, don shi ne ke cin lokaci. Tsohuwar makarantarka ce ke aika shi kai tsaye, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni, saboda haka ka nema wata uku kafin a rufe karɓa. Tabbata sunanka iri ɗaya ne a duk takardu. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da komai, sai ka yi takardar rantsuwa a kotu. Makarantar waje in ta nemi shaidar Turanci, tambaye ta ko za ta karɓi sakamakon WAEC ko wasiƙar da ke nuna da Turanci aka koyar da kai, kafin ka kashe kuɗin IELTS.

Mai neman digirin farko a cikin gida ya tabbata gurbinsa ya bi ta JAMB, ko da na nesa ne. Ka kuma sani wanda ya gama ta karatun nesa ko na wucin gadi, NYSC takardar keɓewa take ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa.

Makarantun tarayya ana biyansu ta Remita. Ciro lambar biya da kanka daga shafin makarantar, kada ka miƙa wa wani kuɗi a hannu. Na waje ana bi ta banki da Form A ko asusun dala, kuma bankin yakan ɗauki kwanaki, don haka kada ka jira makon ƙarshe. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, wanda zai biya da dala ko fam dole ya yi lissafi da rara mai yawa. Zaɓi makarantar da ke karɓar kuɗi darasi-darasi, kuma tambayi ko tana ba da ƙaramar shaida a tsakiya, ta yadda in hali ya ƙare ba za ka fita hannu wofi ba.

6. Tsara mako

A tsarin Ingila kowane kiredit ɗaya awa 10 ne na karatu. Digiri na biyu kiredit 180 ne, wato awa 1,800. In kana samun awa 12 a mako, makonni 150 ke nan, kusan shekara uku. A tsarin Amurka darasi mai kiredit 3 yana cin kamar awa 9 a mako. Da wannan lissafi za ka ga cewa mai cikakken aiki darasi ɗaya ya dace ya ɗauka a zangon farko. Zumuɗin ɗaukar uku shi ke sa a faɗi biyu.

Lokacin da ya fi albarka a nan shi ne bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe bakwai. Gari da sanyi, gida shiru, sabis da ƙarfi. Kwana biyar ya ba ka kamar awa shida. Ƙara awa huɗu da safiyar Asabar da biyu ranar Lahadi. Karatun dare bayan an wuni a fili cikin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, barci ne kawai a gaban kwamfuta. Bar dare don sauke bidiyo da karatu mai sauƙi. Ɗauko kalandar makaranta ka ɗora ta kan taka: azumi, Sallah, damina in kana noma, da lokacin da aikin fili ke tsananta. Zangon da ya faɗa cikin Ramadan ka rage kaya. Ka zauna da iyalinka ka gaya musu lokutan nan da tsawon shekarun. 'Yar'uwa mai aiki da ke da yara ta fi kowa buƙatar wannan zama, a san wa zai kama mata aikin safiyar Asabar.

Yadda ake karatun kansa: kalli bidiyo na minti ashirin, tsayar, rufe littafi, ka warware misalin da malam ya yi da hannunka. In ka kasa, koma baya. Kallon malami yana warware lissafi yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai ranar jarrabawa biro ya tsaya. Ware shafin ƙarshe na littafinka don kurakuran da kake maimaitawa. Za ka tarar kusan kullum su ne dai: milimita da aka manta ba a mayar mita ba, kVA da aka ɗauka kW, volt 415 na tsakanin layi da layi da aka sa a gurbin 240 na layi ɗaya, da kalkuletar da aka bari a radiyan ana lissafin digiri.

7. Aikin hannu: mayar da wurin aikinka ɗakin gwaji

Nan ne ma'aikaci ya fi ɗalibin aji gata, in ya san yadda zai yi. Kowane babi da ka karanta, nemo shi a wurin aiki cikin makon, ka auna, ka kwatanta da lissafi, ka rubuta.

Ga misali ga mai aikin wuta. Taransifoma mai 500kVA, 11kV zuwa volt 415. Cikakken lodinta shi ne 500,000 a raba da 1.732 sau 415, wato kamar amfiya 696 a kowane layi. Tare da ma'aikacin da ke da izinin buɗe akwatin, da safar hannu da takalmin kariya, a sa mitar matse waya a kan layukan uku na ɓangaren ƙaramar wuta da ƙarfe takwas na dare, a maimaita mako biyu. A ce ka samu ja 720, rawaya 510, shuɗi 430. Jimlar lodin bai kai ƙarfin taransifomar ba, amma layi ɗaya ya wuce iyaka, wayar nutural tana ɗaukar wuta tana zafi, kuma fis ɗin ja ne zai riƙa tsinkewa. Abin da littafi ya kira rashin daidaiton lodi ke nan, ga shi a unguwarku, kuma maganinsa a kwashe wasu gidaje daga ja zuwa shuɗi. Ɓangaren 11kV kuwa ba wurin gwajin ɗalibi ba ne ko kaɗan.

Mai harkar ruwa ya je fadama wurin masu shinkafar rani. Famfon da ke ɗaga lita 10 a daƙiƙa zuwa tsayin mita 8 yana ba ruwa ƙarfin 1,000 sau 9.81 sau 0.01 sau 8, wato wat 785. In ingancin famfo da mota a haɗe rabi ne, kana buƙatar kusan wat 1,570 daga sola. Auna ruwan da durom mai lita 200 da agogon waya, ka ga ko abin da aka rubuta a jikin famfon gaskiya ne. Mai gine-gine ya zuba kankare a mazubi mai milimita 150, ya jiƙa a ruwa, ya kai a murƙushe a kwana 7 da kwana 28.

Gwajin da babu kayansa a wurin aikinka, rubuta wa shugaban sashe a foli ko jami'a mafi kusa ka nemi izinin amfani da ɗakin gwajinsu, ka biya abin da aka yanka a karɓi rasit. Mai lantarki ya sayi maltimita, allon haɗa da'ira da Arduino, ya gina abin da ya zana a LTspice ya ga inda suka saɓa. Komai ka yi, sa shi a littafin aiki: kwanan wata, wuri, na'ura, abin da aka auna, da sa hannun injiniya mai rajista da ya gani. Littafin nan zai yi maka rana a mataki na ƙarshe.

8. Ayyukan gida da jarrabawa

Miƙa aiki kwana ɗaya kafin wa'adi, don ranar ƙarshe ce wuta da sabis suka fi yin tsiya. In lissafin hannu ne, rubuta da baƙin biro, ɗauki hoto a hasken rana, haɗa shi fayil ɗaya na PDF, ka buɗe ka duba kafin ka tura. Nuna kowane mataki da ma'auninsa, saboda ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce. Kada ka kwafi aikin wani ko ka sa manhajar AI ta rubuta maka. Makarantu suna bincikawa da irin su Turnitin, hukuncin yakan kai kora, kuma wanda zai sa hannu a zanen kwalbati ko layin wuta dole ya san lissafin da kansa, rayukan mutane ne a kai.

Kula da bambancin agogo. Ingila daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabanta da awa ɗaya. Afirka ta Kudu tana gabanmu da awa ɗaya, Indiya da awa huɗu da rabi. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara.

Jarrabawar da ake sa ido ta kyamara tana son ɗaki mai ƙofa, tebur babu komai sai abin da aka yarda, haske a fuskarka, da katin shaida. Yi gwajin manhajar kwana biyu kafin ranar. Cika batir, haɗa kwamfuta da inbata tun farko don kada ɗaukewar wuta ta katse ka, ka kunna layi na biyu a ajiye. Gaya wa mutanen gida kada kowa ya shigo, domin ko yaro ne ya leƙo ana iya rubuta shi a matsayin laifi. In sabis ya yanke, ɗauki hoton allon da agogo a jiki, ka koma ciki, sannan ka aika wa makaranta saƙo a cikin awar. Wanda garinsu sabis ba shi da tabbas, ya kwana Birnin Kebbi ko Sakkwato a daren jarrabawa.

Idan rashin lafiya ko rasuwa ko aikin gaggawa ya faɗo, rubuta neman ɗagawa kafin wa'adi ya wuce, da shaida. Yin shiru shi ke jawo sifili.

9. Aikin bincike da abin da ke bayansa

Zaɓi matsala ƙarama da kake iya aunawa da kanka a wurin aikinka: lodin taransifomomi biyar da ke kan babban layin wuta ɗaya, asarar ruwa a layin bututu guda, ko yawan tsayawar injin busar da shinkafa a wata uku. Nemi izinin amfani da bayanan a rubuce, ka cire sunayen kwastomomi. Riƙa tura wa mai duba aikinka babi-babi, kuma duk bayan ganawa ka aika masa gajeren saƙo na abin da kuka tsayar.

Takarda in ta fito, ta waje ka kai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a auna ta. Sannan ka rubuta wa wurin aikinka, ka haɗa kwafin takardar da kwafin izinin nan na mataki na 3, ka karɓi shaidar an karɓa. Don rajistar NSE da COREN za a nemi rahoton ayyukan da ka yi da hannunka, da injiniyoyi masu rajista da za su tsaya maka, kuma za a yi maka tambayoyi a kan abin da ka rubuta. Buɗe littafin aikinka na mataki na 7, ka zaɓi ayyuka biyu ko uku da kake da lissafinsu da zanensu da hotunansu, ka gina rahoton a kansu. Tabbata waɗanda za su sa maka hannu sun biya kuɗin lasisinsu na shekarar kafin ka rubuta sunayensu a fom.